Kada ki yarda da masu cewa "ai hoto ne kawai"

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki ƙyale wadda ta kwashe hotunan falonki da na motar maigidanki ta zuba a shafinta na Facebook kamar nata, tunda ana ta ce miki ba komai ba ne. Kada ki ƙyale. Ni abin ya taɓa faɗo mini.

Ɗinki nake yi a gida. Bara na ɗinka wa wata amarya leshi, na shimfiɗa shi a kan gado na ɗauka, har gefen zanen gadona mai shuɗin fure ya fito a hoton. Bayan wata biyu sai ga saƙon wata baiwar Allah, zagi ta uwa ta uba, wai in dawo mata da kuɗinta. Ashe wani shafi ne a Instagram ya sa hoton, ta tura kuɗin kafin alƙalami, saura sati biyu bikin ƙanwarta aka toshe ta. Da ta ci karo da hoton a wurina, sai ta ɗauka bakinmu ɗaya. Sai da na kira ta ta bidiyo na nuna mata gadon kafin ta yarda, ta fashe da kuka.

Na leƙa shafin. Hajiya a filin jirgi, Hajiya a Dubai, hannu cike da awarwaron gwal, amma ko sau ɗaya babu fuska. Wannan ƙaryar arzikin ita ce tarkon. Matar da aka damfara da kanta ta ce mini, "Na ga mai kuɗi ce, me za ta yi da ɗan abin da na tura?"

Wasu ba damfara suke yi ba, burga ce kawai, na sani. Amma mu ne muke bin su da "Masha Allah Hajjaju", wata kuma ta gani ta koma gida ta hana mijinta sakat a kan kujerun da mai hoton ma ba ta taɓa zama a kansu ba. Wannan ya fi ci mini rai. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar da ke Bukhari da Muslim, wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai nuna ya samu abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne.

Ki fara ɗaukar hoton shafin nata ki ajiye kafin ki yi mata magana, don gogewa za ta yi. Ki kai ƙara wurin Facebook, ki sa 'yan'uwa su ma su kai. Ki sanar a shafinki cewa babu ruwanki da ita. In kin ji ta karɓi kuɗin wani, sai 'yan sanda ko EFCC, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta sojan gona.

Ni yanzu sunana nake rubutawa a tsakiyar hoto, a kan kayan, don na gefe yanke shi suke yi. Motar maigida kuwa, ki riƙa rufe lambarta.