Hawthorn a ƙofar gida: za ta yi a Ingila, za ta yi a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bamingam ta Ingila. A watan Mayu na ga wata bishiya a layinmu ta lulluɓe da jan fure, maƙwabciyata ta ce sunanta hawthorn. Ina so in shuka ta a ɗan filin gaban gidana, amma ina da ƙananan yara. Ko kuma za ta yi a gidanmu na Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A Bamingam za ta yi, har ma ba za ta ba ki wahala ba. 'Yar gida ce a can, dangin tuffa ce, Larabawa na kiranta za'arur. Tana jure ƙasa mai laka da hayaƙin motoci, tsawonta kuma bai cika wuce mita 5 zuwa 8 ba. Idan furen da kika gani mai ninki-ninki ne kamar ƙaramar wardi, to irin da ake kira Paul's Scarlet ke nan.

Ƙayarta ce abin dubawa, domin tana da tsini sosai. Ki sayi wadda aka riga aka tayar mata da gindi ɗaya miƙaƙƙe, rassanta sun fara daga sama da kan mutum. Kada ki karɓi ƙananan da ake sayarwa dami-dami, na shinge ne. Ranar da aka yi mata aski a tsince rassan tas, don reshen da ya bushe a cikin ciyawa shi ke huda ƙafar yaro.

Sai wari, abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Furen hawthorn, musamman farar ta daji, yana ɗauke da sinadarin da ake samu a ruɓaɓɓen kifi, da shi yake janyo ƙudaje su yi masa barbara. Tsofaffin Ingila ma suna camfa shigar da shi ɗaki. Ni dai ba zan dasa ta a gindin tagar ɗakin kwana ba. Ki kai ta can bakin shinge, inda rana ke samunta sosai.

Lokacin dashe daga Nuwamba ne zuwa Maris, bayan ta zubar da ganye, a ranar da ƙasa ba ta daskare ba. Rami ya fi saiwar faɗi ninki biyu, amma kada ki binne ta fiye da zurfin da take a baya. Ki kafa mata turke, ki dage da ban-ruwa a lokacin zafi na shekara biyun farko. In kika ga reshe ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, kansa ya lanƙwashe, cuta ce. Ki sare shi, ki haɗa da aƙalla santimita 30 na ɓangaren mai lafiya, sannan ki wanke almakashin.

Kano kuwa, kada ki wahalar da kanki. Sai ta sha makonni cikin sanyi mai tsanani kafin ta yi fure, hunturunmu bai kai nan ba, zafin Afrilu kuma zai ƙarasa ta. In jan fure kike so, ki nemi bishiyar da ake kira flamboyant, 'yar asalin Madagaska, mai yin jajur gab da saukar damina. Ki nisanta ta da katanga, saiwarta na tsaga siminti.