'Yata ta faɗo daga kan doki a wurin farauta amma ba ta suma ba, in bar ta ta koma?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Melton Mowbray a Ingila. 'Yata mai shekara 11 ta yi shekara biyu tana koyon hawa, bana kuma ta fara bin ayarin farauta a kan kuru, wato gajeren dokin nan na yara. Ranar Asabar kurun ya turje a bakin shinge, ta wuntsulo ta gabansa, kanta ya bugi ƙasa. Ba ta suma ba, manyan da ke wurin suka mayar da ita kan sirdi ta ƙarasa yinin. Yau kwana uku ke nan tana ciwon kai, ga saurin fushi, ba ta son haske. Babanta ya ce tunda ba ta suma ba gajiya ce kawai. Saura kwana goma a yi babbar fita ta 26 ga Disamba, ta ƙwallafa rai a kai. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta hukumar lafiyar Ingila, yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe, ki gaya musu abin da kika gaya mini. In kuwa ta fara amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya yi mata nauyi har tashinta yana wuya, ko maganarta ta harɗe, ko wani hannu ko ƙafa ya rasa ƙarfi, ko wuyanta yana ciwo, to 999, lambar agajin gaggawa, za ki kira. Abin da kika lissafa alamun buguwar ƙwaƙwalwa ne. Batun fitar 26 ga wata kuwa, a cire shi daga lissafi.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar maigidanki, da girmamawa, domin ba shi kaɗai ba ne. Kusan kullum sai na ji ta a wurin aiki: "Ai bai suma ba." Wannan magana ta cuci yara da yawa. A cikin mutum goma da ƙwaƙwalwarsu ta bugu, da ƙyar a samu ɗaya da ya suma. Sauran duk tashi suke yi, su karkaɗe laka, har su yi dariya. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In jiki yana tafiya da gudu ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa, sai ta je ta daki ƙashi daga ciki. Ba sai an ga jini ko kumburi ba. Sau da yawa ma alamun ba sa fitowa sai bayan awoyi, ko washegari, lokacin da kowa ya watse ya bar uwa da ɗanta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mayar da ita kan sirdi da aka yi. Mahaya suna da wata tsohuwar al'ada, wai wanda ya faɗo a ɗora shi nan take don kada tsoro ya shige shi. In gwiwa ce ta kurje, ba ni da ja. Amma yaron da kansa ya bugu, idonsa da hannunsa ba sa aiki tare yadda suka saba, ba ya auna tazarar shinge daidai, ga jiri. Wannan yaron kuma aka ɗora a kan dabbar da ta riga ta turje sau ɗaya, aka ce ya tunkari shinge na gaba. In ya sake faɗowa kafin bugun farko ya warke, ƙwaƙwalwa tana iya kumbura cikin 'yan mintuna. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yara da matasa ya fi samu, kuma yana kisa. Akwai kuma zubar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, inda mutum zai yi awoyi garau yana hira, sannan ya zube. Wa ya ba mai riƙe da linzami a tsakiyar gona ikon cewa lafiya lau? Da me ya duba? Ko ni da aikina ke nan ba na yanke wannan hukunci da ido a bakin shinge.

Mu ma a gida haka muke yi. Yaro ya faɗo a wurin sukuwa ko hawan Sallah, a shafa masa man zafi, a ce namiji ne, a mayar da shi. Turawan ma da kike gani ba su rabu da wannan ba. Sai a Afrilun 2023 gwamnatin Birtaniya ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga duk wasannin da ba na ƙwararru ba: in ana shakka, a sauke yaro, kada ya koma wasa a ranar. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage masa waya da talabijin, ya koma makaranta a hankali kafin ya koma wasa gadan-gadan. Ba zai shiga gasa ba sai an cika kwana 21 daga ranar bugun, kuma sai ya yi kwana 14 a jere babu wata alama. Ki ƙirga da kanki. Ranar 26 kwananta 13 kacal.

Kada wani ya ce miki ai farauta ba gasa ba ce. A ganina ta fi filin gasa haɗari. A fili, sandunan tsalle a ɗore suke, kofato na taɓa su sai su zube. A dajin Leicestershire kuwa, wato yankin naku, shingen ƙaya ne mai kauri, ko katako da aka kafe da ƙusa, wani da rami a bayansa, wani da waya a ciki, ga ƙasar da dawakan gaba suka dama ta koma taɓo. Tun Fabrairun 2005 doka ta hana farautar dila da karnuka a Ingila da Wales, yanzu ƙamshi ake ja a ƙasa karnuka su bi, amma shingayen suna nan yadda suke. Kuru kuma, ko mai sanyin hali ne a gida, in ya ji ƙaho da haushin karnuka ya ga 'yan'uwansa suna sukuwa, sai ya zama wani daban. Gajartarsa ba ta rage ƙarfinsa a kan hannun 'yar shekara 11.

Hular kwanon da ta faɗi da ita ta gama aiki. Soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, ya murƙushe, ko da waje yana ƙyalli. A saya mata sabuwa mai tambarin ingancin hular mahaya na PAS 015, marar kafaffen baki a gaba, a gwada mata a shago. Kada a karɓi ta hannu. A haɗa da rigar kariya mai tambarin inganci na BETA mataki na 3.

In likita ya sallame ta, ta fara da fili, sannan ƙananan shingaye tare da malaminta a kan wannan kurun, har a gano dalilin turjiyarsa. Ranar da za ta koma ayari, a haɗa ta da babban mutum guda wanda aikinsa ita ce kawai, su bi masu shiga ta ƙofofin gona, ba masu tsalle ba. Ki gaya wa wannan mutumin, a gaban babanta, cewa in kanta ya sake taɓa ƙasa, a mota za ta dawo gida.