Me ya hana kwamfuta faɗin ko manhaja za ta tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina hutu a ƙauyenmu da ke yankin Jahun, ina bitar darasin na'urar Turing, wato samfurin kwamfuta na lissafi da ake nazarinsa a takarda. Na kasa rarrabe na'ura mai yanke hukunci da mai ganewa. Sannan an ce akwai tambayoyin da kwamfuta ba za ta taɓa warwarewa ba. Ba rashin ƙarfin kwamfutocin yanzu ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bambancin nasu a kan tsayawa yake. Mai yanke hukunci, duk abin da ka ba ta sai ta tsaya bayan matakai ƙidayayyu, ta ce e ko a'a, kuma ta faɗi daidai. Mai ganewa rabin alkawarin ta ɗauka. In amsar e ce za ta tsaya ta faɗa, in kuwa a'a ce tana iya faɗa, tana kuma iya yin ta juyi har abada. Kamar yaron da aka tura daji neman akuya, aka ce kada ya dawo sai da ita. In ya dawo ka san an same ta. In ka ji shiru, ba ka san ko yana dab da ita ba, ko kuwa babu ita a dajin.

Ɗauki tambayar ko lamba tana rabuwa da wata ban da 1 da ita kanta. A kan 91, ka gwada daga 2, da ka zo 7 ka samu, don 7 sau 13 ne. A kan 97, ka gwada 2 zuwa 9 ka tsaya, tunda 10 sau 10 ya wuce 97. Binciken yana da iyaka tun kafin a fara. Wannan iyakar ake so ka nuna a jarrabawa, kuma ita ɗalibai suka fi mantawa: sai su nuna amsa daidai ce, su bar hujjar cewa na'urar tana tsayawa kullum.

Batun ƙarfi kuwa, a'a. Na'urar da masanin lissafi Alan Turing ya bayyana a Ingila a 1936 ba ta da iyakar wurin ajiya, ba a kuma ƙayyade mata lokaci ba, amma duk da haka ta gaza faɗin ko kowace manhaja za ta tsaya. Ga hujjar, ka bi ta a hankali. Mu ɗauka akwai manhaja H mai faɗa daidai ko kowace manhaja za ta tsaya a kan abin da aka ba ta. Sai mu gina D. In aka ba D rubutun wata manhaja, sai ta tambayi H ko manhajar za ta tsaya idan aka ba ta rubutun kanta. H ta ce e, D ta shiga juyi marar ƙarewa. H ta ce a'a, D ta tsaya nan take. To yanzu ba D rubutun D. Duk abin da H ta faɗa, D za ta yi akasinsa. Ke nan babu H. Wani masanin lissafin, Alonzo Church, shi ma ya kai ga irin wannan sakamako a Amurka a shekarar, ta wata hanya dabam.

Kada ka ɗauka wannan yana nufin ba a iya tantance kowace manhaja. Da yawa ana ganin ƙarshensu da ido. Abin da babu shi ne hanya guda mai aiki a kan dukkansu. Wani kuma zai ce a bar manhaja ta yi matakai miliyan ɗaya, in ba ta tsaya ba a ce a'a. Ya sauya tambaya ke nan. Ko za ta tsaya cikin matakai miliyan, wannan ana iya yanke hukuncinsa, sai dai wadda za ta tsaya a mataki na gaba an yi mata ƙarya.

Ka riƙe wannan ƙa'idar, tana yawan fitowa. In tambaya tana da mai gane e, tana kuma da mai gane a'a, to tana da mai yanke hukunci. Ka tafiyar da su biyun bi da bi, mataki ɗaya nan, ɗaya can, dole ɗaya ta tsaya. Kada ka jira ta farko ta gama kafin ka kunna ta biyu, don tana iya ƙin gamawa. Tambayar tsayawa tana da mai ganewa, ai kunna manhajar kawai za ka yi ka jira. Tunda kuwa ba ta da mai yanke hukunci, rashin tsayawa ba shi da ko mai ganewa.