Dalilin da ya sa mutanenmu ke sauka a Zango idan sun je Kumasi

Assalamu alaikum, ya ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya iso ni, kuma na jinkirta amsa ne da gangan domin tambayar da ka yi ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce tun da ka sanar da dangi za ka je Kumasi neman hanyar kasuwanci, kowa ya dame ka da magana ɗaya: kada ka sauka a otal, ka sauka a gidan mutanen kakanka a Zango, ka riƙe tsaraba, kuma ka bari mai gidan ya kai ka ka gaida manya kafin ka taka kasuwa. Ka ce kana da kuɗin masauki, kana da lambar wanda za ku yi ciniki da shi, don haka ba ka ga dalilin ɗora wa tsoho nauyi ba, kuma kana so ka san ko wannan addini ne ko al'ada. Al'ada ce, babu zunubi a kan wanda ya bar ta. Amma kakanninka sun sha wuya kafin ta tabbata, kuma ina so ka san asalinta kafin ka yanke shawara.

Ƙasar da za ka je, tun kafin a raɗa mata suna Ghana a 1957, Bahaushe ya san arewacinta da suna Gwanja, kuma shekaru ɗaruruwa wannan suna yana nufin wurin da talaka ke zuwa ya dawo attajiri. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wato a ƙarni na 15. Abin da ke jan mutane shi ne goro. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne goro ba ya fitowa a Gwanja kanta. A kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Bayan da Asante ta rinjayi Gwanja a ƙarni na 18, sarakunan Kumasi suka tsare harkar, ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su saya daga tushe ba, sai dai a fito musu da shi kasuwar Salaga su saya a can. Da haka Salaga ta zama babbar mahaɗa, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi, inda za ka ji Hausa da Dagbanci da Yarabanci da harshen Wangarawa a rumfa ɗaya.

Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega bayan damina, da jakuna da takarkarai ɗauke da baƙin rini da saƙi da jan fata da kanwa da busasshiyar albasa. Su ƙetare Kwara a biya fito, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka fi tsananta, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi kafin su ga Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara. Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen cikinsa, maza da mata, sun haura 1,000, da dabbobi kusan haka. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan abin da za a biya, jagaba yana gaba yana duba inda za a yada zango. Wannan kalma ta zango, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, ita ce ta zama sunan unguwannin da za ka tarar a kowane babban gari na Ghana a yau, ko da yake su can sukan ce Zongo.

Yanzu ka sa kanka a matsayin farken da ya iso Salaga bayan wata uku a kan hanya. Ba ya jin harshen mai goro, bai san farashin wannan makon ba, bai san wane ne ke cika alkawari ba, kuma babu alƙalin garinsu da zai kai wa ƙara idan an cuce shi. Ga dukiyar mutane a hannunsa, domin yawanci jarin ba nasa ba ne shi kaɗai. Sannan abin da ya zo saye abu ne mai rai, ba ya jira. Na ga yadda kakanka yake kula da goro a zauren gidanmu har ya tsufa, kuma hannunsa bai taɓa mantawa ba. Yakan kwance huhu a hankali, ya ɗaga ganyen fita ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowane ƙwaya a tafin hannunsa yana neman ɗan baƙin tabon da ke nuna sankara ta shiga, ya ware masu tabon gefe, ya yayyafa ruwa da yatsunsa, ya sake ganye, ya ɗaure. Yakan ce a hanyar Gwanja haka ake yi bayan 'yan kwanaki kaɗan har a iso gida, domin ƙwaya ɗaya mai ciwo tana iya lalata huhu guda. Mai irin wannan kaya ba shi da kwana goma na yawon neman amintaccen mai sayarwa.

Wannan buƙata ce ta haifi mai gida, wanda wasu ke kira fatoma. Shi Bahaushe ne ko wani Musulmin arewa da ya riga ya zauna a garin, ya yi aure, ya iya harshen ƙasar, sarkin garin ya san shi. Baƙo zai sauka a gidansa, a ba shi ɗaki da abinci ba tare da an yanka masa kuɗin kwana ba, a adana masa kayansa, yaran gidan su yi masa dillanci da tafinta. Idan za a ba da bashi, mai gida ne ke tsayawa, kuma idan baƙon ya gudu da kuɗin mutane, shi za a kama. Ladansa la'ada ce daga cinikin, da kuma alherin da baƙo zai yi wa matan gidan ranar tafiya. Idan baƙo ya yi rashin lafiya a gidan za a yi jinyarsa, idan ya rasu mai gida ne zai yi masa sutura, ya ƙirga abin da ya bari a gaban shaidu, ya aika wa magadansa da ayari na gaba. Tsarabar da ake ce ka riƙe daga nan ta samo asali. Turmin atamfa ko kilishi ko hula ba kuɗin ɗaki ba ne, shaida ce cewa gidanku bai manta da wancan gida ba. Kai ka gaida manya kuwa, ma'anarsa mai gida yana faɗa wa unguwa cewa wannan yaro nawa ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa ni, kuma abin da ya ɓata ni zan gyara.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba, domin ba na son ka ɗauki tarihin nan kamar tatsuniya mai daɗi. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙasar Gurunsi, a ƙarshen ƙarni na 19, sun cika ta da mutanen da aka raba da iyayensu, kuma fatakenmu sun saya, sun ɗora musu huhun goro a ka har ƙasar Hausa. Ƙasar da ta zama arziki ga wani ta zama kuka ga wani. Idan ka zauna da mutanen arewacin Ghana ka ji wani ɗaci a maganarsu game da wancan zamani, kada ka yi musu gardama.

Arzikin Salaga bai dawwama ba. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, goro ya koma bin Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zama limami, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da Larabci, ya rasu a 1934. Abin lura a nan shi ne gari ya mutu amma al'adar ba ta mutu ba. Duk inda masu gida suka koma, baƙinsu suka bi su, aka kafa sabon zango da limami da sarki.

Bayan da Turawa suka kama Kumasi a 1896 suka kuma murƙushe boren da Tonawa suka yi ƙarƙashin jagorancin Yaa Asantewaa a 1900, ƙofar kurmin da aka daɗe da rufewa ta buɗe. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, ana haƙar zinariya a Obuasi, koko kuma ya bunƙasa har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kawo shi Kano bayan 1912, kuma Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya kafin ya koma harkar gyaɗa. Daga nan masu zuwa suka canza. Ban da fatake, sai 'yan cin rani daga Sakkwato da Katsina da ƙasar Zabarma da Mossi suka riƙa kwarara, wasu aikin gona, wasu rami, wasu gadi, wasu dako, har kalmarmu ta kaya ta zama sunan masu dako a kasuwanninsu. Yaro zai bar ƙauyensu da sanda da buta, burinsa ya dawo da keke da akwati da kuɗin aure. Wasu sun dawo da su. Wasu kunyar dawowa hannu wofi ta riƙe su har suka mutu a can, kuma kusan kowane tsohon gida a ƙasarmu yana da irin wannan ɗan'uwa da aka daina jin labarinsa. A iya abin da na gani, waɗanda suka ɓace yawanci su ne waɗanda ba su da gidan da za a je a tambaya.

Abin da ya sa dangi suka nace maka ya fi kusa da wannan duka. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, da yawansu a can aka haife su. Kakanka yana cikinsu. Ba shi da lokacin sayar da komai, sai ya bar rumfarsa da ragowar kaya da littafin bashinsa a hannun mai gidansa, ba takarda ba sa hannu, ya hau babbar mota da tabarma da buhu ɗaya. Muka ɗauka shi ke nan. Bayan shekara uku wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu da yamma, ya ciro ƙullin tsumma daga cikin rigarsa ya ajiye a gaban kakanka, tare da takardar ajami da aka jera kowane bashi da aka karɓo da wanda mai shi ya rasu ba a samu ba. Ina tsaye a wurin, kuma ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ran nan. Da wannan kuɗi aka yi auren mahaifinka. Lokacin da Nijeriya ta kori baƙi a 1983, abin da har yau nake ganin kuskure ne irin na farko, jikokin mai gidan nan biyu suna aiki a nan, kuma a ɗakin da kake kwana idan ka zo suka zauna har ƙura ta lafa. Gidan da ake ce ka sauka ke nan.

Gaskiya ne zamani ya rage wa mai gida aiki. Banki ya karɓi ajiya, waya ta karɓi saƙo, yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba ka damar shiga ka yi kwana 90 ba biza. Gaskiya ne kuma ba kowane mai gida ne na Allah ba, ni kaina wani ya taɓa haɗa baki da dillali suka ninka mini farashi ina ƙuruciya, sai daga baya na gane. Saboda haka ba na ce maka ka miƙa wa kowa jarinka ido rufe. Amma lambar wayar da ke hannunka ba ta san iyayen mutumin da za ka ba kuɗinka ba, tsohon nan kuwa ya san su, ko ya san wanda ya san su, kuma kafin la'asar zai gaya maka ko a yi ko a fasa.

Idan ka isa za ka ga Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Mossi da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Kotokoli, kowace al'umma da sarkinta, Hausa ce ta haɗa su, kuma Sarkin Zango yana da matsayinsa a fadar Asantehene, wato Sarkin Asante, da ke Manhyia. Za ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci shinkafa da wake da suke kira waakye, ka ji ana kiran tuwo da sunansa. Hausarsu ta bambanta da tamu, sau da yawa ba sa raba namiji da mace a magana, za ka ji an ce wa mace ya zo. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa, kuma kada ka kira su baƙi, domin 'yan ƙasa ne da kakanninsu ke kwance a maƙabartun Kumasi fiye da shekara 100.

Shawarata ita ce ka sauka a gidan ko da kwana uku ne, kamar yadda aka saba yi wa baƙo. Idan ka ga gidan ya cika, ko aikinka yana buƙatar wani wuri, ka nemi izinin tsohon da bakinka, ka bar shi ya zaɓa maka inda za ka koma, kuma ka riƙa zuwa cin abincin dare. Kada ka miƙa masa kuɗi a hannu a matsayin ladan kwana, zai ji ciwo. Ranar tafiya ka ba uwargida abin cefane, ka sallami yaran da suka yi maka rakiya. Ka biyo ta nan kafin ka tashi, na ajiye hula biyu da turare da za ka kai masa, kuma akwai takardar ajamin nan da nake so ka gani da idonka.

Baffanka.