Amsa kan ciwon gwiwar mahaifi mai ƙafa kamar baka

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko lanƙwasar ƙafafun mahaifinka, waɗanda ka ce sun buɗe kamar baka tun yana saurayi, ita ce ke jawo masa ciwo ta cikin gwiwa idan ya yi tafiya, ko kuwa tsufa ne kawai. Na daɗe ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, kuma masu irin wannan ƙorafi da na gani ba su ƙirguwa.

Mutane da yawa sun ɗauka gwiwa tana buɗewa da rufewa ne kamar ƙyauren ɗaki, alhali ba haka take ba. Ƙarshen ƙashin cinya dunƙule biyu ne masu santsi, na ciki ya ɗan fi na waje girma, suna mirginawa suna kuma zamewa a kan ƙashin ƙwauri, da guringuntsi a tsakaninsu. Saboda wannan rashin daidaito, idan ƙafa ta kusa miƙewa sai ƙwaurin ya ɗan murɗa waje, gwiwar ta kulle, shi ya sa mutum kan daɗe a tsaye ba tare da cinyarsa ta gaji sosai ba. A cikin tafiya kuwa, gwiwa kan lanƙwashe kimanin digiri 15 zuwa 20 bayan diddige ya taɓa ƙasa, sannan ta kai kusan digiri 60 lokacin da aka ɗaga ƙafar.

Ko a mai miƙaƙƙiyar ƙafa, ɓangaren ciki na gwiwa ne ke ɗaukar fiye da rabin nauyin a kowane taku. To, idan ƙashin ya lanƙwashe kamar baka, nauyin sai ya ƙara karkata can, guringuntsin wajen ya riƙa cinyewa a hankali shekara da shekaru, kuma cinyewar tasa ta ƙara lanƙwasar. Mai gwame kuma ta waje abin ke kama shi. Don haka a ganina siffar ƙashin ce tushe, tsufa ya zo ne ya fito da abin fili. Nakan duba takalmin mutum tun kafin ya hau gadon gwaji, domin sau da yawa gefen da ya fi cinyewa yakan nuna inda nauyin ke sauka.

Shawarata ita ce a kai Baba wurin likitan ƙashi, kamar asibitin ƙashi na Dala idan kuna kusa da Kano, a ɗauki hoton yana tsaye, domin hoton kwance yakan ɓoye yadda gaɓar ta matse. Kada a bari maɗori ya ce zai miƙe ta da ja ko ɗauri, wannan ba karaya ba ce. Abin da na ga yana taimako shi ne ƙarfafa tsokar gaban cinya, da riƙe sanda a hannun da ba na gefen gwiwar da ke ciwo ba, da rage ƙiba idan akwai, tun da kowane kilo 1 da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Idan sujada da zaman tahiya na ba shi wahala, ku faɗa wa likitan, domin a nan ne gwiwa ta fi naɗewa. Allah ya ba Baba lafiya.