Babur yana mutuwa ana cikin tafiya, in ya huta kuma ya tashi

Tambaya: Malam, ina da babur mai kabureta, 125cc, ya shekara 4 a hannuna. Da safe bugu ɗaya yake tashi. Amma in na yi tafiyar minti 15 zuwa 20, musamman in na murɗa totur sosai, sai ya fara fizga yana shaƙewa, daga nan ya mutu. In na tsaya kamar minti 5 sai ya tashi lafiya lau. An wanke kabureta sau 2, an sauya fulogi, har yanzu jiya i yau. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ka taimake ni da ka faɗi yadda yake mutuwa, domin a nan amsar take. Babur da wuta ta yanke masa, ɗif yake ɗaukewa kamar an kashe makulli. Wanda mai ya gaza masa kuwa sai ya yi ta ja da baya, yana tari yana fizga, kafin ya sallama. Naka na biyun ne, don haka zargina ya fi karkata ga hanyar mai. Kuma ba na jin laifin kabureta ne. An wanke ta sau biyu ba a ga canji ba, a ƙyale baiwar Allah ta huta.

Abin da zan fara dubawa shi ne murfin tanki. Akwai wata 'yar kafa a jikinsa da ba ta fi bakin allura da yawa ba, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. A irin babur ɗinka babu famfon da ke tura mai, nauyinsa ne kawai ke gangaro da shi zuwa kabureta. In ƙura ko tsatsa ta toshe kafar nan, tanki sai ya riƙe man, kamar yadda in ka toshe saman tsinken shan lemo da yatsa ruwan cikinsa yake ƙin zuba. Da fari babur zai tafi daidai. Yayin da mai ke raguwa, zuƙar da ke cikin tanki tana ƙaruwa, har man da ke sauka ya kasa cika ɗan kofin da ke ƙasan kabureta. In ka tsaya, iska ta sulala a hankali, kofin ya cika, babur ya tashi. Ga minti 5 ɗinka nan.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Da zarar ya mutu, ka sauka gefen hanya, ka kai kunne kusa da tanki ka buɗe murfin. In ka ji "fuuu" na iska tana rugawa ciki, kuma ka jira 'yan daƙiƙu ya tashi, ka kama ɓarawo. A wanke kafar ko a sauya murfin.

In ba ka ji komai ba, rufe makunnin mai, zare tiyon da ke shiga kabureta, tara kwalba, sannan ka buɗe. Ya kamata mai ya zubo a miƙe, ba ɗis-ɗis ba. In yana ɗiga, to matatar da ke kan makunnin a cikin tanki ta cushe, ko tiyon ya lanƙwashe ko ya ruɓe ta ciki. Ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ƙwallon gilashi. In ka gan shi, ko jan garin tsatsa, tankin ne ke buƙatar wanki. Tankin da ya yi tsatsa, ko sau goma aka wanke kabureta, kwana biyu zai sake cika ta.

Akwai wani abu da ke kwaikwayon wannan ciwo har ya ruɗi makanike: kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) ko CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar) da ke gazawa in sun ɗauki zafi. Wayar cikin kwayil siririya ce, in ta tsage, sanyi na haɗe ta, zafi na raba ta. Shi ya sa in ka kai babur gareji da sanyinsa, wuta za ta zo tas a ce maka lafiyarsa ƙalau. Sai a lokacin da ya mutu ake kama shi. Ka riƙa yawo da sifanar fulogi. In ya mutu, kwance fulogin, mayar da hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara "tas-tas" ita ce lafiyayya. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, tana nuna kwayil, CDI ko wayar da ta saki. Riƙe ta robar hular, kuma kada ka yi wannan kusa da man da ya zube. Tunda fulogin yana hannunka, dubi bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat yana nufin mai ya yi ƙaranci, baƙin toka kuma mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe.

Bawul, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa don mai ya shiga inji hayaƙi ya fita, shi ma yana yin haka in an ɗaure shi da yawa. Tazararsa a ƙananan injuna 'yar ƙanƙanuwa ce, kuma ƙarfe na kumbura da zafi, sai bawul ya kasa rufuwa, matsin inji ya zube. Alamarsa ita ce kik ya yi laushi a ƙafa in inji ya yi zafi. Da sanyin inji ake saita shi, da ma'auni, ba da kunne ba.

Abu ɗaya ne ba na so ka yi wa jinkiri. In ya mutu ka taka kik ka ji ya cije ya ƙi sauka, kada ka tilasta masa. Fistin ne ya kama saboda zafi ko ƙarancin baƙin mai. Duba sandar awon baƙin mai nan take, kuma tura shi za ka yi zuwa gareji. In kuma ya fara fizga kana cikin gudu, matse kuloci tun kafin ya mutu, don tayar baya ta ci gaba da juyawa har ka samu wurin tsayawa.