Amsar Yaya ga Auwalu kan dalolin Sudan

Assalamu alaikum 'yan gida. Auwalu, na saurari muryarka tun jiya, kana tambaya wai da gaske ne Sudan ta fi Masar yawan dala, kuma ko za ka iya zuwa a hutun nan. To, ta farkon gaskiya ce, da idona na gani kafin yaƙi.

Wurin sunansa Meroe, wajen kilomita 200 arewa da Khartum, gaba da garin Shandi kaɗan. Bayan sallar asuba muka kama hanya, don in rana ta take a can, zafin Kano na watan Afrilu wasa ne. Kana sauka daga kwalta sai rairayi ja, sai dalolin nan a jere, kusan 200, makabartar sarakunan tsohuwar daular Kush ce. Ba su kai na Masar girma ba, sirara ne masu tsini. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai dalar gyaɗarmu ta da, wadda Baba yake ba mu labari. Kuma ba kowa fa! Daga mu sai masu raƙuma biyu da wani yaro mai sayar da tsaraba.

Abin da ya ƙona mini rai, da yawansu kawunan a gutsure suke. Wani ɗan Italiya, Ferlini, a 1834 ya bi su yana rushewa don neman zinare. Ya samu na Sarauniya Amanishakheto, yanzu kayan suna Jamus, a Munik da Berlin. Kabarin mutane fa, Auwalu.

Kuma ka san akwai 'yan'uwanmu Hausawa can, musamman a garin Mai Wurno, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Mai shayin da ta ji muna Hausa ƙin karɓar kuɗinmu ta yi.

Amma maganar tafiya yanzu, don Allah ka ajiye ta. Tun 15 ga Afrilu 2023 ake yaƙi, ka manta yadda aka kwaso ɗalibanmu a motoci har iyakar Masar? Gidan tarihin Khartum ma an wawashe shi. Hajiya ba za ta iya barci ba in ka tafi, ni ma haka. In Allah Ya kawo zaman lafiya, tare za mu je, har Jabal Barkal, wani dutse mai daloli a kusa da shi, da ban samu na ƙarasa ba.

Ka biyo ta shago a Kwari gobe bayan la'asar, hotunan suna tsohuwar wayata.